Rubutun Bango da Allunan Titi a Fagge da Sabon Garin Kano: Tarke da Matsalar Adanawa

Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun saba kasa shi gida biyu, watau adabin baka da rubutaccen adabi. Idan an ce rubutacce, abin da ke faɗowa a rai shi ne waƙa da zube da wasan kwaikwayo, waɗanda aka buga a littafi ko aka adana a gafakar malamai. To amma akwai wani rubutu wanda ya fi waɗannan duka yawan masu karatu, ga shi kuwa ba a cika kula da shi ba a ɗakunan nazari. Shi ne rubutun da ke jikin bangaye da ƙyamaren gidaje da allunan shaguna da na tituna. Ba a sayensa, ba a kuma aronsa. Duk wanda ya bi hanya sai ya karanta, ko ya so ko ya ƙi.

Wannan maƙala za ta duba irin wannan rubutu a unguwanni biyu masu maƙwabtaka da juna a Kano, watau Fagge da Sabon Gari. Da farko za a yi tarken abin da aka rubuta, sannan a yi tarken yadda ake ɗaukarsa a hoto da sunan adanawa. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, rabin ma'anar rubutun bango ne kaɗai ke cikin kalmominsa. Ɗaya rabin yana jikin bangon, da titin da bangon yake, da lokacin da aka yi rubutun. Saboda haka wanda ya kwashi kalmomi ya bar wuri da lokaci, rabin magana ya kwasa.

Rubutun da ake nufi iri uku ne. Akwai allon titi, wanda hukuma ke kafawa. Akwai allon shago, wanda mai sana'a ke biya a rubuta masa. Akwai kuma rubutun bango zalla, na gawayi ko alli ko fenti, wanda Turawa ke kira girafiti, kalmar da su ma suka aro daga Italiyanci.

Ayyukan Magabata

Adana rubutun bango ba sabon abu ba ne a duniyar ilmi, don haka ya kamata a fara da duba abin da wasu suka yi, domin a sami ma'aunin da za a auna na gida da shi. Babban misali shi ne birnin Fomfei na ƙasar Italiya, wanda dutse mai aman wuta ya binne da toka a shekara ta 79 Miladiyya. Da aka tone shi, an tarar da dubban rubuce-rubuce a bangayensa, daga tallar 'yan takara zuwa lissafin bashi da gaisuwa da zagi. Masana harshen Latin sun fi cin moriyar kurakuran da ke ciki, domin su ne suka nuna yadda talaka ke furta harshen, abin da littattafan manyan marubuta suka ɓoye.

A ƙarni na ashirin, mai ɗaukar hoto Brassaï ya shafe shekaru tun daga wajejen 1930 yana bin bangayen birnin Faris, har ya fitar da littafinsa mai suna Graffiti a 1960. Abin koyi a aikinsa shi ne, yakan rubuta inda kowane zane yake a ɗan littafinsa, domin ya koma bayan shekaru ya ga abin da zamani ya yi masa. A Amurka kuma, Martha Cooper da Henry Chalfant sun buga Subway Art a 1984, a kan zane-zanen da matasa ke yi a jikin jiragen ƙasa na birnin Niyok. Zuwa 1989 hukumar jiragen ta daina barin tarago mai zane ya fita aiki, sai ya zama hotunan ne suka rage shaida.

Ta fuskar harshe, Rodrigue Landry da Richard Bourhis na ƙasar Kanada sun nuna a 1997 cewa harsunan da ake gani a allunan gari suna bayyana ƙarfi ko raunin al'ummomin da ke zaune a cikinsa. Daga baya, a 2020, Shonna Trinch da Edward Snajdr suka fitar da What the Signs Say, a kan unguwannin Burukilin na birnin Niyok. Sun lura cewa tsofaffin shaguna sukan cika allo da kalmomi, su lissafa duk abin da suke sayarwa, amma shagunan masu hali da suka shigo daga baya sukan taƙaita da kalma ɗaya ko biyu, wadda sai ɗan gari irinsu ke gane manufarta. Ke nan daga tsawon rubutun allo ana iya gane wanda ake kira da wanda ake kora.

A ƙasar Hausa, aikin da ya fi kusa da wannan fanni shi ne na A. H. M. Kirk-Greene, Decorated Houses in a Northern City, na 1963, da na Friedrich Schwerdtfeger, Hausa Urban Art and its Social Background, na 2007. Duka biyu a kan adon gidajen Zariya suke. Ayyuka ne masu daraja, sai dai abin da suka sa gaba shi ne zanen magina, wanda mai gida ya nema ya kuma biya. Rubutun da yaro ya yi da gawayi a ƙasan wannan ado, ko wanda hukuma ta yi da jan fenti a kansa, yana nan yana jiran mai nazari.

Unguwannin Biyu

Fagge tsohon zango ne a wajen ganuwa, inda ayarin fatake masu ƙetaro Sahara ke sauka. Sabon Gari kuwa Turawa ne suka yanka shi a 1913, shekara goma bayan sun ci Kano, kuma jim kaɗan bayan isowar jirgin ƙasa a 1911. An yi shi ne domin akawuna da ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda suka zo daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. A gefen Fagge kuma 'yan kasuwar Labanan da Siriya suka kafa gidaje da kantuna, a yankin da ya zama Kantin Kwari.

Abin da ya haɗa unguwannin biyu a wannan zamani shi ne kasuwa tana cinye gidajen zama. Kantin Kwari da Singa da Wapa da kasuwar Sabon Gari duk sun tumbatsa sun malala cikin layuka. Magada sukan sayar da gidan gado, a rushe shi, a tayar da bene mai ɗimbin shaguna a gurbinsa. Ga gobara, irin wadda ta ci kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016. Ga gadar sama da aka shimfiɗa a kan Titin Murtala Muhammad, wadda ta sauya fuskar wurin baki ɗaya. Ga kuma rusau, irin wanda gwamnatin jiha ta gudanar a watan Yuni na 2023 a kan shagunan da ke kewaye da Filin Idi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yakan tafi da bango, ya tafi da abin da ke rubuce a jikinsa.

Sunan Allo da Sunan Baka

Titunan Sabon Gari a miƙe suke, suna gicciye da juna kamar zanen dara, kuma kowanne da sunansa. Wanda ya jera sunayen ya karanta tarihin mazauna wurin. Akwai Aba Road da Enugu Road da Warri Road da Abeokuta Road da Ijebu Road, sunayen garuruwan Kudu ke nan. Akwai Yoruba Road da Ibo Road, sunayen ƙabilu. Akwai Freetown da Gold Coast, waɗanda ke tuna akawunan Saliyo da na ƙasar da ta koma Ghana tun 1957. Akwai kuma Burma Road, mai ɗauke da sunan ƙasar da sojojin Nijeriya suka gwabza yaƙi a cikinta a Yaƙin Duniya na Biyu.

Sai dai allo yana iya yaudarar mai gaggawa. Titin da ake rubutawa Ballat Hughes sunan T. P. Barlatt-Hughes ne, mutumin Saliyo, ɗaya daga cikin shugabannin Sabon Gari na zamanin mulkin mallaka. Bakin jama'a ne ya goge sunan har ya rasa wasu haruffa, allo kuma ya bi baki. Wanda ya riƙe wannan muƙami kafinsa sunansa France. Don haka manazarcin da ya ga France Road ya yanke hukunci nan take cewa ƙasar Faransa ake nufi, ya yi azarɓaɓi, tun da bai tuntuɓi takardun tarihi da dattawan unguwa ba.

Wani abin lura kuma shi ne, sunan allo daban, sunan baka daban. Hukuma ta sauya wa tituna da wurare da dama suna a takarda, amma direban adaidaita-sahu bai san zancen ba. An raɗa wa kasuwar Sabon Gari sunan Muhammadu Abubakar Rimi, gwamnan Kano daga 1979 zuwa 1983, duk da haka mai zuwa cefane Sabon Gari yake cewa zai tafi. Haka kuma akwai sunayen da allonsu ya faɗi tuntuni, amma suna raye a baka. Bata sunan kantin takalma ne, Singa sunan kamfanin keken ɗinki, Wapa kuwa sunan gidan silima, ga shi yau canjin kuɗi aka san wurin da shi. Titin Beirut yana riƙe da sunan babban birnin Labanan, alhali wayar hannu ce hajar da ta cika shi. Wanda ya ɗauki hoton allo kawai ya tafi, ya adana abin da hukuma ta ce, ya bar abin da jama'a ke cewa.

Jigo da Salon Rubutun Bango

Idan aka koma ga rubutun bango zalla, za a tarar jigoginsa ba su da yawa. Akwai hani, da gargaɗi, da talla, da siyasa, da kirarin kai, da addu'a. Wanda ya fi yawa, kuma aka fi rainawa, shi ne hani. Amma idan an duba da idon basira, shi ne ya fi sauran fallasa halin da unguwa ke ciki.

Hani yana da matakai. Na farko roƙo ne, kamar a rubuta, "Don Allah ba a fitsari a nan." Na biyu umurni ne, "An hana zuba shara a nan." Na uku barazana ce, inda ake ƙara ambaton tara ta naira kaza. Na huɗu kuwa kai ƙara ne ga Ubangiji, "Allah ya isa ga duk wanda ya zuba shara a nan." Sau da yawa akan sami biyu ko uku daga cikin waɗannan a bango guda, da fenti daban-daban. Wannan labari ne cikakke mai farko da tsakiya da ƙarshe, na mai gidan da ya fara da lalama, aka ƙi ji, har haƙurinsa ya ƙare.

Ta fuskar nahawu, abin sha'awa shi ne yadda marubucin ke fakewa a bayan wakilin suna na boye, watau "a" da "an". Ba ya cewa "na hana", domin ya san shi kaɗai ba shi da ikon hana kowa. Da ya ce "an hana", sai maganar ta ɗauki muryar hukuma ko ta jama'a, ko da kuwa babu wata hukuma a bayanta. Wannan dabara ce ta tsohon sanƙira, wanda kan yi shela da sunan wanda ba a gani.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce, me ya sa aka rubuta? A unguwar da kowa ya san kowa, ba a buƙatar fenti kafin a hana yaro ɓarna. Dattijon da ke zaune a dakali ya isa, in abu ya faskara a kai wa mai unguwa. Ana rubuta hani ne a ranar da masu wucewa suka fi mazauna yawa, ya zama mai gida yana magana da wanda bai sani ba, ba kuma zai sake gani ba. Saboda haka yawaitar hani a layi alama ce ta kasuwa ta iso, tun kafin a ga shago ko ɗaya.

Jigon gargaɗi ya fi fitowa a jumlar nan da ta zama ruwan dare, "Wannan gida ba na sayarwa ba ne," wani lokaci da ƙarin cewa a yi hattara da 419. Babu mai rubuta haka a gidan da ba wanda ke taya shi. Jumlar tana nuna filin ya yi daraja, dillalai suna kai da komo, wataƙila kuma magada ba su daidaita ba. Ita kanta lambar 419 baƙuwa ce. Sashe ne na dokar manyan laifuffuka da ake aiki da ita a Kudu, domin Arewa tana da nata kundin tun 1960. Lambar ta shigo Hausa ta bakin jama'a da jaridu, ta zauna daram har ta hau bango.

Siyasa ita ce ta fi kowane jigo cin bango, ita ce kuma ta fi saurin mutuwa. Alamun jam'iyyu sun yi ta gadon juna a Kano, daga tauraron NEPU da fartanyar NPC, zuwa mabuɗin PRP a 1979, zuwa dokin SDP da mikiyar NRC, har zuwa lema da tsintsiya da kwandon kayan marmari wanda NNPP ta ci zaɓen 2023 da shi. Salon wannan rubutu gajere ne, kalma ɗaya ko biyu, kamar Sawaba ko Nasara ko "Sai wane", domin daga baka ya fito, a taro ake rera shi kafin ya hau bango. Tsakanin 2011 da 2015 an ga wani sabon abu, inda kalmar Kwankwasiyya ta hau rufi da bangon gine-ginen gwamnati, watau taken siyasa ya tashi daga hannun yaran unguwa ya koma hannun 'yan kwangila.

Kirarin kai kuwa na matasa ne. Su ne ke rubuta laƙabinsu da sunan majalisarsu da na ƙungiyar ƙwallon da suke goyon baya, ko Kano Pillars da takenta na "Sai Masu Gida", ko wata ta Ingila ko Sifen. Manufar a nan ita ce shata iyaka, a ce wannan lungu namu ne. A can sama da ƙofa kuma akan sami addu'ar mai gida, "Alhamdulillahi" ko "Masha Allahu", wani lokaci tare da shekarar gini. Ke nan bango guda yana iya ɗaukar murya huɗu ko biyar, kowace da tsayin da hannun mai ita ya kai.

Allon shago shi ma ya sauya kama. Tsohon allo mai fenti ne ke rubuta shi da hannu. Yakan fara da "Akwai" ko "Ana sayar da", ya jera kaya, ya kuma zana hoton keken ɗinki ko kawunan aski domin wanda bai yi karatu ba. Sabon allo ƙyallen roba ne wanda inji ke bugawa daga kwamfuta. A nan sakamakon Kano ya sha bamban da na Burukilin, domin kalmomi ba su ragu ba, matsayinsu ne ya sauya. Sunan kamfani da Ingilishi ya hau sama da manyan haruffa, Hausa ta sauko layin ƙasa, ko ta koma kan kwalin da aka rataya a ƙofa, inda ake rubuta "Ana cajin waya" ko "Akwai canji". Ingilishi na nuna isa, Hausa na yin ciniki.

Yadda Bango ke Faɗin Shekarunsa

Mafi yawan rubutun bango ba shi da kwanan wata, amma yana ɗauke da alamun da za a iya ƙiyasta shekarunsa da su. Allon da ya ambaci fam da sule mai yiwuwa ya girmi watan Janairu na 1973, lokacin da naira da kwabo suka fara aiki. Wanda ke da lambar tarho mai farawa da 064 na zamanin wayar girke ne, wanda kuwa ke da lamba goma sha ɗaya bai girmi 2001 ba, shekarar da wayar salula ta GSM ta shigo. Alamar ma'aikatan lantarki ita ma haka, domin NEPA ta koma PHCN a 2005, KEDCO kuma ta karɓi rarraba wuta a Kano a 2013.

Akwai kuma rubutun ma'aikatan gwamnati wanda ido ya saba da shi har ya daina gani. Lambobin ƙidayar jama'a ta 2006 suna nan a wasu ƙyamare. Masu rigakafin shan-inna sun shafe shekaru suna bin gida-gida, suna rubuta kwanan wata da adadin yaran da aka ɗiga wa magani da alli a jikin bango. Wanda ya san cewa Kano ta dakatar da wannan rigakafi daga 2003 zuwa 2004, kuma sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar da kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka, zai gane cewa waɗannan 'yan lambobi na alli shafi ne na tarihin lafiya. Na ƙarshe shi ne jan fentin hukumar tsara birane, wanda in ya hau bango, ya zama shi ne rubutun ƙarshe da bangon zai ɗauka.

Aibin Adanawar da Ake Yi

Tun da wayar hannu ta zama kyamara, ɗaukar hoton allo da bango ya yawaita, a hannun ɗalibai masu rubuta kundin neman digiri da kuma masu sha'awa. Wannan abin farin ciki ne, sai dai akwai aibi guda biyar da ke rage wa aikin daraja.

Na farko shi ne zaɓe. Akan ɗauki abin dariya ko abin ƙawa, a tsallake abin da aka saba gani. Alhali kuwa kamar yadda aka nuna a baya, hani da gargaɗi da alamar alli su ne suka fi ɗaukar labari. Tarin da aka yi bisa sha'awa yana nuna halin mai tarawa fiye da halin unguwa.

Na biyu shi ne datse hoto. Akan matso da kyamara har kalmomi su cika fuska, a yanke ƙofa da kwata da benen da ke maƙwabtaka. "Wannan gida ba na sayarwa ba ne" a jikin gidan ƙasa guda ɗaya da ya rage tsakanin benaye biyu magana ce mai nauyi. Idan an datse benayen, ta koma jumla ta koyar da nahawu.

Na uku, wanda ya fi shafar malaman Hausa, shi ne gyaran rubutu. Mai fenti yakan rubuta "Ba'a fitsari anan", ko "bana sayarwa bane", ko "Akwai kankara". Bisa ƙa'ida duk kuskure ne. Ba'a zolaya ce, bana shekarar da ake ciki ce, ƙanƙara kuma tana buƙatar ƙugiya biyu. Ɗalibi yakan ji kunyar kwafe su haka, sai ya gyara kafin ya sa a kundinsa. Da ya yi haka ya shafe shaidar da kansa. Tun daga ƙa'idojin Hanns Vischer na 1912, zuwa kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, zuwa taron Bamako na 1966, ana ta ƙoƙarin daidaita rubutun boko. Bango ne kaɗai zai faɗi iyakar inda wannan ƙoƙari ya kai a wajen aji. Haɗe "ba" da "ne" da mai fenti ke yi yana nuna yadda kunnen Bahaushe ke jin kalmomin a dunƙule, kuma wannan abin nazari ne. Hanyar da ta dace ita ce a kwafe rubutu harafi da harafi yadda yake, sannan a kawo daidaitacciyar Hausa a gefe.

Na huɗu shi ne jahiltar ajami. Duk abin da aka gani da haruffan Larabci sai a jefa shi ajin Larabci, ko da kuwa Hausa ce tsantsa, kamar tallar mai maganin gargajiya ko sanarwar makarantar allo. Irin wannan ruɗani ne ya dabaibaye muhawarar da aka yi a 2007, da aka cire ajami daga ƙananan takardun naira, inda da yawa suka ɗauka Larabci ne aka cire, alhali adadin kuɗin ne aka rubuta da Hausa. Manazarcin da bai iya karanta ajami ba zai ƙirga Hausa ƙasa da yadda take a titi.

Na biyar shi ne zuwa sau ɗaya. Hoto guda yana nuna hali, amma ba ya nuna canji. Sai an koma bango ɗaya, an tsaya a wuri ɗaya, shekara bayan shekara, kamar yadda Brassaï ya yi, sannan za a ga hani ya koma barazana, barazana ta koma allon haya, allon haya ya koma tarin ƙasa.

Daga waɗannan aibobi ake gane abin da ya kamata kowane hoto ya zo da shi. Tilas a rubuta ranar ɗauka, da sunan titi na allo da na baka, da abin da aka yi rubutun da shi, da harshe da irin haruffa, da abin da ke ƙarƙashinsa in ana iya gani. A ɗauki hoto biyu, na kusa da na nesa. A bi layi daga farko zuwa ƙarshe ba tare da tsame ba. A kuma tambayi mazauna da masu rubutun allo, domin su ne suka san wanda ya rubuta da dalilinsa. Ya kamata kuma a kiyaye mutuncin jama'a, a rufe lambar waya da sunan mai gida kafin a wallafa.

Kammalawa

An ga cewa allunan Sabon Gari suna riƙe da tarihin baƙin da suka kafa unguwar, bangayen Fagge kuma suna ba da labarin yadda gida ke komawa shago. An kuma ga cewa wannan shaida ba ta da amfani sai an adana ta tare da wurinta da lokacinta da kurakuranta. Aikin bai fi ƙarfin sassan Hausa na jami'o'i ba, musamman ma cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, tare da Gidan Ɗan Hausa da Gidan Makama, waɗanda adana tarihin Kano ne aikinsu. Ajin ɗalibai guda, in an raba musu layuka, zai iya gama unguwa a zango ɗaya na karatu, ajin baɗi kuma ya sake bin sawunsu.

Rubutun da ke gafaka yana iya jiran manazarci shekara ɗari. Na bango damina ɗaya ta ishe shi, balle gobara ko katafila. Tsofaffin masu rubutun allo da hannu su ma suna ƙarewa, inji yana gaje su. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane, kuma zanen da ake magana a kansa a nan ranar rushewarsa ta fi ranar gininsa kusa.